Yaron da Aka Ba da Aro

A garinmu Greenwood ba sai an gaya maka kuɗin rarar haraji da gwamnati ke maidowa sun sauko ba. Da zarar Fabrairu ya doshi ƙarewa za ka ga katifu ɗaure a saman motoci, ka ga layi a wurin likitan haƙori, ka ga mutumin da ya shekara yana wasan ɓuya da mai gidan hayarsa yana tafe a tsakiyar titi yana ɗaga wa kowa hannu. Wannan ita ce Kirsimetinmu ta gaskiya. Ta Disamba bashi ne kawai aka rataya wa fitilu.

Renita Suggs ta daɗe cikin masu wannan biki. Shekara da shekaru tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ana yanke harajinta tun kafin albashi ya taɓa hannunta, idan lokaci ya yi kuma gwamnati ta maido mata da rarar, ta ɗora mata kuɗin tallafin yara a kai. Yaran huɗu ne, kuma ita kaɗai ce a kansu. Deja ce babba, shekararta goma sha huɗu amma bakinta na 'yar talatin ne. Marquel ke bi mata, yana da sha ɗaya. Sai ƙanana biyu, Niya da Tobias. Ranar da bayanta ya riƙe tana ɗaga wani dattijo daga bahon wanka, Renita ta ajiye aikin, ta jawo kujera tsakiyar kicin ta fara kitso. Hannunta na da kyau, wannan ko maƙiyinta ya sani. Har kati ta buga da sunanta, tana rabawa a ƙofar coci tana cewa ita yanzu ba ta da oga sai Allah.

A watan Janairu ta kwashi rasiɗanta a leda ta tafi wurin Madam Odessa, tsohuwar malamar lissafi da ke cike wa mutanen coci takardun haraji a teburin cin abincinta. Tsohuwar ta daɗe tana danne-danne, sannan ta zare tabarau ta dube ta.

"To, 'yar nan, yanzu ke ce ma'aikaciya, ke ce kuma oga."

"Haka ne kuwa," in ji Renita, har da gyara zama.

"Ba yabo nake yi ba. A da, kuɗin tsufa da na asibiti da ake cirewa, rabi ke kike biya, rabi masu gidan tsofaffin. Yanzu kason biyu a wuyanki yake. Kusan dala goma sha biyar a cikin kowace ɗari."

"Ai kuɗin yara za su rufe."

"Za su rufe, su bar miki ɗan canji. Kuɗin yaran nan da abin da kika samu ake auna su, abin da kika samu bara kuwa bai kai ya ɗauki yara huɗu ba. Ɗayan tallafin kuma, na masu ƙaramin ƙarfi, a yaro na uku yake tsayawa. Ko na rubuta na huɗun ko ban rubuta ba, sisi ba zai ƙaru ba."

Renita ta kalli ledarta. "Wato ɗaya a banza yake ke nan."

"Ban ce haka ba, kada ki sa min magana a baki. Na kuma ga abin da ya fara yawo a kanki. Kada ki kuskura ki kawo min shi teburina."

Ba ta kawo mata ba. Ranar Lahadi abin ya zo da ƙafarsa, ɗauke da ledar kifi. Yayanta Lamont ne, gwauro mai aiki a kamfanin gyaran tarwaɗa, wanda ke zaune shi kaɗai a wani ɗan gida can bayan gari. Aka soya kifin da garin masara, aka ci aka ƙoshi, yara suka fice waje. Deja kaɗai ta rage tana wanke-wanke, famfo na zuba, kowa ya ɗauka ba ta jin komai.

"Na ji an ce oga ta kama kanta da laifi, ta ci kanta tara," in ji Lamont yana sakace haƙori.

"Wa ya kai maka?"

"Fuskarki. Ke da ma an gaya miki zaman kai kyauta ne?"

"Yaya, in tsiya ka zo yi min, ai ka ci kifinka, kama hanya."

"Ba tsiya ba ce, taimako na kawo. Ina da albashi ba ni da yaro. Kina da yaro har da ragowa, ba ki da albashi. Ara min ɗaya in sa a takardata. Abin da ya fito mu raba biyu."

Ba Lamont ya ƙirƙiro abin ba. A unguwarmu aron yaro a watan Janairu ya kusa zama kamar aron tukunya. Kowa ya san doka ta ce sai yaron da ya kwana a gidanka fiye da rabin shekara. Kowa kuma ya san wata gwaggo ko wani kawu da ya shekara goma yana rubuta yaran da ko ranar haihuwarsu bai sani ba, kuma ba abin da ya same shi. Wanda aka kama ba ya yawan ba da labari, shi ya sa labarin masu tsira ne kawai ke yawo.

Abin da ya rage shi ne wanne za a bayar, kuma wannan bai ɗauki lokaci ba. Deja ba ta aruwa, ubanta na raye kuma mai neman rigima ne. Ƙananan biyu ba wanda zai yarda gwauron da bai iya dafa ƙwai ba ne ke rainonsu. Marquel kuwa ubansa ya rasu tun yana rarrafe, ba mai zuwa tambaya. Yaro ne mai shiru, ga hancinsa sak na kawunsa. Duk dalilai ne masu kyau, irin waɗanda mutum ke jerowa da sauri don kada zuciyarsa ta riske shi. Renita ta rage murya ta karanto lambar katin shaidar yaron na gwamnati daga ka, Lamont ya danna a wayarsa. Da ya tafi ta ɗauki tsintsiya ta share kicin ɗin da ba shi da datti.

A watan Maris ya kawo mata rabonta a ambulan. Ta biya kuɗin wutar da suka taru, ta sayi kujerar gyaran gashi ta gaske, mai hawa da sauka, wadda ta ceci bayanta. Sai ta kwashi yaran huɗu zuwa kantin takalma. Uku ta saya musu na daidai ƙarfi. Marquel kuwa ta ɗauko masa farin takalmin ƙwallon kwando mai jan baki, wanda ta sha ganin yana satar kallonsa ta gilashi. Kuɗinsa ya kusa na sauran ukun a haɗe.

"Kai, Mama, son kai a fili!" in ji Deja. Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta kalli uwar, ta kalli ƙanenta, ta haɗiye sauran.

Marquel ya rungume kwalin ya yi godiya. Amma bai sa takalmin ba. Ranar makaranta bai sa ba, ranar coci bai sa ba, ranar Ista da kowane yaro ke baje kolin sabon abinsa ya fito da tsohon nan mai buɗaɗɗen baki. Da farko tsokanarsa take yi.

"Malam, sai ranar aurenka ne?"

"Ajiyewa nake yi, Mama."

Da bazara ta yi nisa tsokanar ta koma faɗa. Ta ce yana so matan coci su ce ta saya wa uku ta bar ɗaya. Ta ce shi dai bai iya godiya ba, halin dangin ubansa ya kwaso. Ya sunkuyar da kai ya sha faɗan. Ita ma ta san abin da ke ƙona ta ba takalmi ba ne. Ta sayi abin ne don ta riƙa ganinsa a ƙafarsa tana samun sauƙi, yaron kuma ya hana ta wannan sauƙin. Daga baya ta gaji ta ƙyale shi.

Wata ranar Oktoba da rana tsaka, tana tsakiyar kitsa kan wata mata, motar Lamont ta tsaya a ƙofar gida. Bai shigo da barkwancinsa ba. Ya leƙo ya yafito ta, ta ba matar haƙuri ta fita baranda da matsefi soke a gashinta.

"Sun rubuto min," in ji shi. "Hukumar haraji. Wai in kawo shaidar yaron a gidana ya zauna bara. Takarda daga makaranta mai ɗauke da adireshina."

"Ka ce ba sa dubawa."

"To sun duba."

"Ka ce Kawu Rufus ya shekara goma yana yi."

"Ke, Kawu Rufus ne ya ci kuɗin ko mu? Saurara. In ban kawo ba zan mayar da duka, har da tara a kai, daga albashina za su riƙa zara. Rabin kuɗin kuwa ga shi can a kicin ɗinki, wata na zaune a kai. Kina da abin mayarwa?"

Ba ta da shi, kuma ya sani.

"Anti Verlene ce a ofishin makarantar," ya ci gaba. "Ƙawar Innarmu ce, ba za ta ƙi ki ba. Ki ce tun barar waccan da bayanki ya fara ciwo yaron ya koma wurina, mantawa kika yi ba ki sauya adireshi ba. Ki tafi da shi, in an tambaye shi ya faɗa da bakinsa. Magana ce ta minti biyar, Nita."

"In sa ɗana ya ce ba a gidana yake ba."

"A takarda kawai! Wa ya ce a ɗauke shi? Da dare ai a gadonsa zai kwana."

Ta koma ciki ta ƙarasa kitson. Matar ta duba madubi ta ce yau kam hannun ya yi zafi, kamar da gayya ake ja.

Washegari da safe ta sa Deja ta raka ƙananan bakin titi su jira motar makaranta, ta ce yau ita za ta kai Marquel. A mota ta riƙa kewaye-kewaye, ta yi zancen sanyi, ta yi zancen ƙwallo. Sai da suka tsaya a danja ta samu ta fito da shi, idonta a kan titi.

"Ɗan albarka, wani ɗan taimako za ka yi wa Kawu. In mun shiga ofis Anti Verlene ta tambaye ka inda kake kwana, ka ce gidan Kawu Lamont. Wasa ne irin na manya, ba wani abu ba."

Ta shirya amsar tambayoyi iri-iri. Bai yi ko ɗaya ba.

"To, Mama."

"Ka san adireshin? Lamba arba'in da bakwai, titin..."

"Titin Pecan. Na sani."

"Tun yaushe kake can?"

"Tun kafin in shiga aji biyar."

Ba ta gaya masa wannan ba, amma daidai ne, ya ma fi wanda ta shirya. Ta saci kallonsa. Yana zaune da jakarsa a cinya, babban ɗan yatsansa na leƙowa ta bakin tsohon takalmin. Kunya ta kama ta. Mai motar baya ya danna mata oda, ashe wuta ta daɗe da ba da hannu.

Lamont na fake a gefen makarantar cikin motarsa, ya ɗaga musu yatsa. Suka shiga.

Anti Verlene ta kusa shekara talatin a bayan kantar ofishin nan. Tare suka yi waƙar coci da Loretta, uwar Renita, ita ce ma ta ɗinka wa Renita rigar baftisma. Da ganin su ta washe baki.

"A'a, 'yar Loretta! Yau wace rana? Kin tuna da tsohuwa. Shi kuma wannan dogon ina zai kai tsawo haka?"

Renita ta gaishe ta, ta tambayi gwiwa, ta tambayi jikoki. Sannan ta zubo labarin kamar yadda aka tsara, ciwon baya, yaro ya koma wurin kawunsa, mantuwa. Tana magana tana jin muryarta ta yi siririya kamar ba tata ba. Fara'ar tsohuwar ta riƙa janyewa a hankali. Ba wannan ne Oktoba na farko da ta ji irin labarin nan a kantarta ba.

"Uhm," in ji ta. "Ni dai ba na rubuta abin da ba ya cikin rajista. In da gaske yaron na wurin kawunsa, akwai takardar rantsuwa. Uwa ce ke sa hannu, ta ce ɗanta ba ya kwana a gidanta tun lokaci kaza. In kin sa, sai in gyara, in ba ku wasiƙar." Ta zaro takardar ta shimfiɗa a kan kanta, ta ɗora biro a kai. "Amma ki sani, in na gyara na gyara ke nan. Motar makaranta can za ta riƙa ɗaukarsa. In zazzaɓi ya kama shi a aji, Lamont zan kira. Sakamakon jarrabawarsa can zai tafi."

Sai ta duƙo ta saman tabarau ta dubi yaron, ta sassauta murya.

"Ɗan nan, gaya wa Anti. A ina kake kwana?"

Marquel ya miƙe tsaye sosai, hannuwa a gefe, kamar mai karatu a gaban aji.

"Gidan Kawu Lamont, Anti. Lamba arba'in da bakwai, titin Pecan. Tun kafin in shiga aji biyar."

"Allah? Kana jin daɗin wurin?"

"E, Anti. Tagar ɗakina na kallon gona. Kawu na soya min ƙwai da safe kafin ya tafi aiki." Ya ɗan tsaya, kamar mai duba ko ya tsallake layi. "Mama na zuwa ganina ranar Lahadi."

Renita na riƙe da biron a lokacin, har bakinsa ya taɓa takarda. Taga da ƙwai ba su dame ta ba. Amma Lahadin nan ba ita ta koya masa ba, ba kuma yanzu a mota ya ƙago ta ba. Yaron ya zauna wani wuri shi kaɗai ya gina gidan nan ɗaki-ɗaki, ya duba ya ga ina zai ajiye uwarsa, ya ba ta rana ɗaya a mako. Ta ɗago ta ga Anti Verlene na kallonta. Ba harara ba ce. Da harara ce da ta fi sauƙi.

Ta ajiye biron.

"Anti, ƙarya ce." Sai ta maimaita. "Ƙarya ce, ni na koya masa yanzu a mota. Tun da na haife shi bai taɓa kwana biyu a jere a wani gida ba. A gidana yake."

Wata malama da ke ɗaukar takardu a gefe ta yi kamar ba ta ji ba, ta fice da sauri. Anti Verlene ta janye takardar ta mayar aljihun tebur. Ta rubuta wa yaron izinin shiga aji ta miƙa masa.

"Je ka, ɗan nan, an fara darasi."

Ya karɓa, ya kalli uwarsa da ido irin na wanda ya yi aikinsa daidai aka soke. Ya saɓa jaka ya tafi.

"Ki gaida gida, Renita," in ji tsohuwar. Ba ta ce 'yar Loretta ba.

Lamont ya fito daga mota tun kafin ta ƙaraso. Hannunta ya kalla, ya ga ba takarda.

"Ta ƙi?"

"Ni na ƙi."

"Ke kika me? Nita, kin san abin da kika jawo min kuwa?"

"Na sani. Rabi nawa ne, zan biya ka."

"Da me? Da matsefi? Kan mata nawa ne a garin nan?" Ya bugi murfin motar da tafin hannu. "Lokacin da nake miƙa miki ambulan ban ga tsoron Allah a fuskarki ba. Yau da wuta ta zo kaina kika tuna ke uwa ce!"

Gaskiya ya faɗa. Ya tsaya yana huci, ya cire hula ya mayar. Can ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko yaron ya ruɗe ne a ciki.

"Bai ruɗe ba, Yaya. Ko kai ba za ka faɗa kamar shi ba."

Ya shiga mota ya ja, bai yi sallama ba.

Ranar ta ba masu kitso haƙuri ta waya, ta ce bayan ne ya motsa. Ta zauna a kujerar nan mai hawa da sauka, wadda ba ta taɓa zama a kai ba sai dai ta tsaya a bayanta, tana ta shirya abin da za ta gaya masa. Za ta ce manya ma na kuskure. Za ta ce bai san komai ba, kuma ba ruwansa. Da la'asar motar makaranta ta sauke su. Ƙananan suka wuce da gudu wurin talabijin, Deja ta leƙa kicin ta ga fuskar uwar, ta sulale ɗaki. Marquel ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ɓatawa na yi?"

"Ba ka ɓata ba, ɗan albarka. Zo nan."

"Na faɗa daidai. Lahadin ce ta ɓata? Na ga in ban ce kina zuwa ba za ta ce ba ki kula da ni."

Duk abin da ta shirya ya zube. "Marquel, yaushe ka san zancen nan?"

"Tun ranar kifi. Deja ta gaya min." Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin ruwan sama. "Ban ji haushi ba, Mama. Ta ce a nan ni ne ba na kawo komai, a wurin Kawu kuwa ina kawowa. Ai gara inda nake kawowa."

Kafin ta samu bakin magana ya juya ya shige ɗaki. Ta ji yana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ya dawo rungume da kwalin takalmin, ya ɗora mata a cinya ya buɗe. Ga su nan fari fat, takardar da ake cusawa a ciki ma ba a cire ba. Rasiɗin na manne a cikin murfin da salatif.

"Deja ta ce in wasiƙa ta zo, duk abin da aka saya da kuɗin sai an mayar. Na Niya da na Tobias sun mutu, na Deja ya goge, kujerarki kuma da ita kike aiki. Nawa ne kaɗai ya rage sabo. Shi ya fi tsada ma. Ki kai musu su ba ki kuɗin, ki ba Kawu."

Ta tuna duk faɗan bazara. Ta tuna ta ce masa bai iya godiya ba, ta tuna har dangin ubansa ta taɓo. Da ƙasa za ta tsage a kicin ɗin nan da ta shige ba ta waiwayo ba. Ba ta gaya masa cewa babu kantin da ke karɓar kayan Maris a Oktoba ba. Ta sauko daga kujerar, ta ɗaga shi ta ɗora a kai duk da bayanta, ta durƙusa a gabansa ta zare masa tsohon takalmin.

"Naka ne. Ba na Kawu ba ne, ba na gwamnati ba ne. Yau za ka sa shi, ka fita ka taka taɓo da shi ina kallo."

Ta ciro takardar ciki, ta sassauta igiya, ta zura masa ƙafa. Yatsun suka shiga. Dunduniyar ta tsaya a waje. Ta ƙara sassauta igiyar har ƙasa, ta ja harshen takalmin, ta tura. Yaron ya yi tsawo a bazarar nan, kowa na faɗa, har Anti Verlene ta faɗa ɗazu. Ta sa yatsa ta baya tana dannawa, hawaye na ɗiga a kan farar fatar, tana gogewa da gefen hannu tana ƙara turawa.

Marquel ya janye ƙafarsa a hankali, ya riƙe mata hannu.

"Mama, bar shi haka," in ji shi. "In kika lanƙwasa bayan, ba za su karɓa ba."